Tafiyar Illela Neman Sunayen da Na Ɓatar

Ana sallame sallar asuba muka bar Ƙonni, mu uku a tsohuwar motar ƙungiya: ni, da abokiyar aikina wadda nake kira Yaya don ta girme ni a shekaru da a sana'a, sai direbanmu, dattijon da ba ya taɓa sitiyari sai da goro a bakinsa. Ranar Laraba ce. Ba yawon buɗe ido za mu ba, ɓarnar da na yi da hannuna za mu je gyarawa, in ta gyaru.

Ku da kuke bibiyata a nan kun san gardamar da na fi so. Ni wajen rubuta manhaja mutumin hotuna da maɓallai ne. A ba ni linzamin kwamfuta in danna nan, in ja can, aiki ya tafi. Na sha yi wa masu baƙin allo tsiya, waɗanda ke zaune suna rubuta wa kwamfuta umarni layi-layi, ina cewa wahalar da kai ce da son a ce an iya. Yaya tana cikinsu, kuma ta sha tsiyata har ta daina tanka mini. To yau ku gyara zama, don ban zo da tsiya ba.

Mu biyu muka rubuta wa wata ƙungiyar manoman gero da wake manhajar rajistar masu karɓar iri. Ƙungiyar tana da buro, wato ofis, a Ƙonni da Malbaza da Illela. A Illela wata baiwar Allah ce sakatariya, kowa Malama yake ce mata. Tun lokacin sanyi take shigar da sunayen manoma, kowa da ƙauyensa da girman gonarsa da irin da yake so. Ni da bakina na ce su daina rubutun littafi, zamani ya wuce nan. Ranar Asabar na ƙara wa manhajar maɓallin buga takarda, don motar iri za ta iso ranar Alhamis, kuma ba a rabo sai da jerin sunaye. Ina cikin aikin na ga sunan wata ma'ajiyar fayil bai yi mini kyau ba, na sake shi. Wani ɗan akwati ya fito a allo yana tambayata, na danna "to" ban karanta ba, na tura wa Malama sabuwar manhajar. Ta sa, ta buɗe, allo fayau, babu suna ko ɗaya.

Da ta kira ni, abin da ya fito daga bakina shi ne, wataƙila ta danna wani abu ne. Lahadi da safe na gane daga wajena ne. Ban kira ta ba. Na ce bari in lallaɓa in gyara daga nesa kafin kowa ya sani. Kwana uku ina fama da manhajar da ke nuna maka allon wata kwamfuta daga inda kake, amma rezon buron Illela, wato intanet ɗinsu, ba ya iya ɗaukar hoto, rabin allo ya fito ya daskare. Kafin Talata magana ta cika gari, wai Malama ta share sunayen talakawa don ta sa na danginta. Shugaban ƙungiya, wani Alhaji tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, ya kashe kwamfutar, ya kulle buro, ya sa makulli a aljihu. Sai a lokacin na faɗa wa Yaya gaskiya. Ba ta yi faɗa ba, ta dai ce da tun Asabar na gaya mata, rubutu zalla ba shi da nauyi, da wannan rezon ma ya ishe ta shiga. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ƙonni ba ta jiran rana kafin ta tashi. Masu kabu-kabu sun riga sun jeru, masu man kwalba suna goge kwalabensu, amalanken albasa na shigowa daga lambuna. Kwalta lafiya lau har Tsarnawa, inda hanyar Tawa ke rabuwa da babbar hanya. Nan direba ya tsaya ba tare da ya tambayi kowa ba, ya ce shi ba ya tuƙa masu yunwa. Ƙosai ɗaya dala biyar, kuma ya ƙanƙance ƙwarai, mai suyar ta ce a tambayi masu wake. Mangwaro kuwa tsibi-tsibi, ƙamshinsa ya cika wurin. Yaya ta ci nata hankali kwance, ni kuma na riƙe nawa a takarda har mai ya huda ta.

A shingen jandarma wani matashin jami'i ya ce a buɗe jakunkuna, ya ga kwamfutoci biyu, ya ce a kunna. Kwamfutata ta kawo hoton teku da 'yan hotunanta reras. Ta Yaya ta kawo baƙi ƙirin da ɗan farin rubutu a saman kusurwa. Ya leƙa, ya dube ta da tausayi, ya ce, "Madan, taki ta lalace ko?" Direba ya yi dariya har goro ya kusa shaƙe shi. A wata rana da ni zan fi kowa dariya, amma ranar ko murmushi da ƙyar na yi.

Malbaza muka fara nufa saboda dalili. Al'adar ƙungiyar ce duk mako kowane buro ya kwafi bayanansa a kile, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, a ba direban tasha ya kai Malbaza, inda babban sito yake. Idan kwafin Illela na nan, to a nan ma za mu buga takardar, kowa ya huta. Tun daga nesa ake hango dogayen ginin masana'antar siminti, manyan motoci sun yi layi a gefen hanya, direbobi na wanke fuska da buta a ƙarƙashinsu. Ganyen dogon yaro duk ya yi fari-fari. Mai shayin bakin hanya yana rufe kofunansa da faranti, kuma na ga dalili.

Magatakardan sito mutum ne mai tsari. Ya buɗe durowa, ya fito da gwangwanin madara, a ciki kile-kile ne, kowanne an ɗaura masa zare mai launi. Ja na Illela ne. Na karɓa, na soka a tawa kwamfutar. Sai ga hoton manhajarmu, 'yar zangarniyar geron da ni na zana, jere, na kowane mako da ranarsa. Na ce alhamdulillahi da ƙarfi har magatakarda ya amsa. Na danna na farko, aka ce ba a samu abin da yake nunawa ba. Na danna na biyu, haka. Na bi su duka, haka.

Yaya ta zare kilen ta soka a tata, ta rubuta ɗan gajeren layi. Jerin ya fito, kowane fayil da nauyinsa a gefe, ko saƙon waya ya fi su nauyi. Ta ce, "Wanga ba hatsi na ba, ƙanena. Kwatancen inda rumbu yake na anka yi ta aiko muku." Abin da ake kwafa duk watannin nan ɗan hoton da ake dannawa a buɗe manhaja ne, ba bayanan ba. A allona hoton da ainihin abin kamarsu ɗaya, shi ya sa ban taɓa lura ba. Nan take na tuna ranar da na koya wa Malama. Na nuna mata hoton da yatsa na ce ta ja shi ta sake a kan kile, shi ke nan. Ta yi yadda na ce, mako bayan mako, ba ta taɓa fashi ba. Magatakarda ya ce, "Kenan ita tay yi kuskure?" Na ce a'a a hankali, ban ƙara komai ba.

Muka juyo muka kama hanyar Tawa. Daga nan ƙasa ta fara canzawa, tuddai masu jan dutse, kwaruruka da suka bushe suna jiran ruwa. Ko'ina manoma na sharar gona, ana ƙona tsofaffin kara, jakuna na kai taki. Wasu makiyaya suka tsallaka da raƙuma, muka jira su. Gabas kuwa gajimare ya fara haɗuwa, direba ya kalle shi ya ce bai wuce 'yan kwanaki ba. Kowa ya san abin da ake nufi: wanda ruwan farko ya same shi ba iri a hannu, ya yi latti. Duk gonar da muka wuce sai in ce a raina ko mai ita yana cikin sunayen.

A hanyar ne na tambayi Yaya abin da ban taɓa tambayarta da gaske ba, me ya sa take son baƙin allon. Ta ce ba don kyau ba ne. Abin da ta rubuta shi ake yi, kuma tana iya komawa ta karanta abin da ta ce a yi, ta maimaita shi gobe, ko ta tura wa wani a saƙo. Wanda ya danna maɓalli goma kuwa, bayan kwana biyu ba ya tuna na ukun. Amma ta ce kar in ɗauka waliyyi ne. Tana ɗaliba ta taɓa share aikinta na shekara da layi ɗaya, kuma allon bai tambaye ta ko ta tabbata ba. Direba ya sa baki ya ce shi duk motar da ba ya iya buɗe gabanta ya ga abin da ke ciki, ba ya yarda da ita.

A Badagishiri muka karkata yamma. Mun sayi fura da nono mai sanyi a wajen wata Bafulatana, na yi kurɓi biyu na miƙa wa direba. Alhaji ya kira sau biyu yana tambayar inda muke. Can a bayansa ina jin hayaniyar mutane.

Hantsi ya dubi ludayi muka shiga Illela. Gaban buron cike yake, maza a inuwar itacen bedi, mata a jikin katanga, wasu da jakunansu, sun taso daga ƙauyuka tun safe. Ina fitowa wata tsohuwa ta riƙe hannun rigata ta ce, "Ɗana, ku na masu injin? Sau biyu niz zo da ƙahwata anka rubuta ni. Ka duba mani da kyau." Wani mai jar hula ya ɗaga murya ya ce ba sai an duba ba, kowa ya san inda sunaye sunka tahi. Malama tana zaune a kan benci a baranda, ita kaɗai, babu wanda ya zauna kusa da ita. Ta rame a kwana huɗu. Ta tashi ta gaishe mu da ladabi, ta yi mana sannu da hanya. Na amsa ina kallon ƙasa.

Alhaji ya buɗe buro, muka shiga mu huɗu, ya mayar da ƙofa. Na ja wa Yaya kujera, ta ƙi zama. Ta ce ni zan zauna, ni zan rubuta, kuma duk layin da na rubuta sai na karanta shi da baki na faɗi abin da zai yi kafin in danna. Ta buɗe tawa kwamfutar a gefe, ta sa na rubuta umarnin da ke nuna tarihin aikinmu, don mu ga abin da ya canza ranar Asabar. Ya fito fili: sunan ma'ajiya ya sauya, a wuri kaza da wuri kaza. Sannan na juya kan kwamfutar buron, na buɗe baƙin allon da na shekara ina zagi. Harafi ɗaya sai in goge sau uku.

Layin farko cewa yake, nuna mini duk abin da ke nan, har wanda aka ɓoye, da nauyinsa, da ranar da aka taɓa shi. Na karanta, na danna. Ma'ajiya biyu suka fito, mai sabon suna da mai tsohon suna. Na shiga sabuwar, fayil ɗaya ne, wofi, an ƙirƙire shi ranar Asabar. Na koma zan shiga tsohuwar, na tsaya, don in ita ma wofi ce to magana ta ƙare. Ina jin numfashin Malama a bayana. Yaya ta ce, "Danna mana." Na yi bisimilla na danna. Ga fayil nan, mai nauyi, taɓawar ƙarshe ranar Juma'a. Ashe sabuwar manhajar ta je neman sunaye a ma'ajiya mai sabon suna, ba ta samu ba, ta buɗe sabon shafi ta yi shiru, tsohon kuma yana nan inda yake.

Na kai hannu zan gyara, Yaya ta buge mini shi. Ta ce kwafi tukuna, biyu, ɗaya a kile ɗaya a kwamfutarta, kuma in duba nauyin kowanne ya yi daidai. Sai da aka yi haka na gyara layi ɗaya tak. Aikin da na kwana uku ina kokawa da shi bai kai tsawon shan shayi ba. Sunaye suka zubo a baƙin allon, suna gudu sama, ba mai iya bin su da ido.

A nan kuma baƙin allo ya gaza. Malama ta ce ita ba ta gane komai a haka. Na buɗe mata manhajar da hotunanta, ta karɓi linzami, ta jera sunayen ƙauye-ƙauye, tana bi da yatsa, tana faɗin wane ɗan wane. Ta gano mutum biyu da aka rubuta sau biyu, ta nemo tsohuwar da ta riƙe rigata, ta danna maɓallin buga takarda. Yaya ta ce ko wata guda aka ba ta ba za ta yi wannan tantancewar da saurin Malama ba, kuma ba wanda zai koya wa buro uku rubutun umarni kafin gobe.

Firinta na aiki, Alhaji ya sauke ajiyar zuciya ya ce, "To, mi yah hwaru? Injin na yay yi gardama, ko? Ku hwaɗa mani abin da za ni hwaɗa ma mutane." Ya buɗe mini ƙofar tsira ke nan, kuma wallahi kaina ya fara sunkuyawa zai ce e. Sai na ga Malama ba takardun take kallo ba. Tawa kwamfutar take kallo, inda tarihin aikin yake a buɗe har yanzu, kowane canji da sunan wanda ya yi shi da ranar. Layin sama sunana ne, da Asabar. Ta riga ta karanta kafin in buɗe baki. Na ce, "Alhaji, ba injin na ba, kuma ba Malama ta ba. Ni na. Har kwafin Malbaza, ni nik koya mata ba daidai ba."

Malama ta ce, "Malam, tun yaushe kas sani?" Na ce tun Lahadi da safe. Ta gyaɗa kai. Ta ce, "Ɗiyata ta dawo daga lakwal tana kuka, an ce mata uwarta ɓarauniya ta. Ni kaina na yarda ni nid danna wani abu, tunda kai kac ce. Da ka kira ni kac ce ba ni ta ba. Ko ba ka gyara ba, da na samu na yi barci." Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba. Ta tattara takardun ta daidaita bakinsu a kan tebur.

Na fita baranda na tsaya gaban jama'a, na faɗi abin da na faɗa a ciki. Wasu suka ce Allah shi kyauta, wasu suka yi dariya. Mai jar hula ya ce ai su dama ba su ce komi ba. Amma waɗanda suka zo Litinin da Talata suka koma ƙauyukansu da labarin ba sa wurin, kuma ban san ta yadda maganata za ta iske su ba. Malama ta fito ta fara kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya, ana amsawa. Alhaji ya sa aka kawo mana shinkafa da wake bayan azahar. Na ci, don yunwa ta dawo, amma ban ji daɗinsa ba.

Da la'asar muka kamo hanya, direba ya kunna rediyonsa. Mun shigo Ƙonni ana kiran magariba, iska mai sanyi na tasowa daga gabas. Washegari Alhaji ya kira ya ce motar iri ta iso, an yi rabo lafiya, kowa ya samu.

Abin da tafiyar nan ta koya mini game da kayan aiki ba shi da yawa. Ban jefar da linzamina ba, kuma ba zan jefar ba, don akwai aikin da ido ya fi yatsa sauri, kuma mutanen da muke yi wa manhaja maɓalli suke bukata. Amma mai gina abu dole ya iya leƙa ƙarƙashinsa, kuma a inda rezo ke da rauni irin namu, rubutu yana wucewa inda hoto ya tsaya. Yanzu kullum da safe ina zama da baƙin allo rabin awa, ina karanta kowane layi da baki, Yaya na gyara mini. Na mayar da littafin rajista a buro ukun, na kuma rubuta ɗan umarnin da ke yin kwafi da kansa ya duba nauyi.

Sauran darasin ba na kwamfuta ba ne. Kuskuren dannawa kowa yana yi, kuma nawa layi ɗaya ya gyara shi. Shirun kwana uku ne ban san yadda ake gyarawa ba. Malama tana nan a aikinta, ina kiranta duk mako in ji ko manhaja lafiya. Tana ɗauka, tana amsa duk abin da na tambaya, daidai, ba ragi. Da can kafin mu fara maganar aiki sai ta tambayi jikin innata da ciwon ƙafarta, ta ce in gaishe ta. Tun da muka dawo ba ta sake tambaya ba.